Rasuwar Mai Sallama, Keken Malam Abdulƙarim na Mabai

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da tuwo bai kawar ba, goro ma bai kawar ba, Malam Abdulƙarim manomi na garin Mabai, a madadin kansa da uwargidansa Inna Larai, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da duk wanda ya taɓa kauce masa a hanya, rasuwar kekensa kuma abokin tafiyarsa, wanda manya da yara suka fi sani da Mai Sallama. Ya rasu wata Lahadi da hantsi a cikin zauren gidan, ba tare da jinya ba, a hannun mai ƙaunarsa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Tun kafin a yi nisa, bari a tare bakin masu gardama, don Mabai ba ta rasa su. Za a samu wanda zai ce ai shi jiya-jiyan nan ya ga marigayin a hanyar Pauwa, yana sheƙi, yana sharara gudu, Malam na bisa. Ba a ce ƙarya kake ba, bawan Allah. Ka ga ƙarfe, ka ga taya biyu, ka ga sirdi. Amma tsakaninka da Allah, ka ji shi? Ba ka ji ba. To, rasuwar ke nan. Gangar jiki tana nan lafiya lau, har ta fi da lafiya, abin da ya tafi shi ne muryar, kuma a kanta ake wannan sanarwa.

An haifi marigayin a wata ƙasa mai nisa da babu wanda ya san sunanta a Mabai. Malam ya ɗauko shi daga Funtuwa a shekarar da auduga ta yi albarka, lokacin yana ango, gemunsa bai fi na ɗan akuya ba. Baƙi ne, dogo, mai sanda a tsakiya, irin na mutanen da. A farkon rayuwarsa bebe ne kamar sauran kekuna, yana tafiya bakinsa alaikum, ba wanda ya san ya wuce sai an ga sawunsa a ƙasa.

Muryar ta zo masa ne wata rana da damina. Naƙudar fari ta kama Inna Larai, ta zo da gardama, ungozoma ta yi iya yinta ta ce a kai ta asibitin Ƙanƙara. Babu mota a kusa, babu mai babur a garin a lokacin. Malam ya naɗe zane a kan kariyar bayan keken, aka ɗora ta, ta rungumi sirdi, shi kuma ya miƙe tsaye a kan feda. Wajen tsallake wani kwari fedar hagu ta daki kututture ta lanƙwashe. Bai tsaya dubawa ba, wa ke ta feda a ranar? Daga nan har ƙofar asibiti marigayin ya yi ta faɗin abu ɗaya: ƙiii… kwas! ƙiii… kwas! In fedar ta yi sama sai ta ce ƙiii, in ta sauko ƙarfenta ya gogi murfin sarƙa sai ya ce kwas. Aka sauka lafiya, aka samu ɗiya mace, aka raɗa mata Shafa'atu. Suka dawo gida da sababbin muryoyi biyu, kuma Inna Larai ta sha cewa ta keken ta fi ta jaririyar naci.

Tun daga ranar bai sake yin shiru ba. Da wannan murya ya kai taki gona, ya kawo dawa gida, ya kai akuya kasuwa tana leƙe daga cikin kwando, ya je biki, ya je suna, ya je gaisuwar mutuwa. Tun daga gindin tsamiyar da ke bakin gari ake jinsa a cikin gidan Malam, shi ya sa aka sa masa Mai Sallama, don yana riga ubangidansa yin sallama da tazara mai yawa. Mutane kan ce Malam Abdulƙarim ne kaɗai magidancin da bai taɓa kama kowa yana gulmarsa ba, don kafin ya iso an canja magana, an gyara zama, har an fara yabonsa.

Halayen marigayin ba sa bukatar ado. Bai taɓa shan fetur ba, bai taɓa bin layi a gidan mai ba, bai taɓa ƙin tashi da safe don sanyi ba. Abincinsa iska, abin shansa baƙin mai kaɗan. In ya yi fushi, iyakarsa ya zubar da sarƙa a tsakiyar hawa, Malam ya sauka ya mayar, ya goge hannu da ganyen sabara, su ci gaba kamar ba a yi ba. Sau ɗaya tak ya kayar da ubangidansa a gaban jama'a, shi ma binciken da aka yi ya nuna laifin wata tunkiya ne.

Ba a banza ya yi tsawon rai ba. Duk Juma'a da safe, kafin a fara shirin masallaci, Malam yakan fito da shi gindin darbejiyar ƙofar gida, ya kifa shi, sirdi a ƙasa, ƙafafu a sama. Ya fara da wanka, da tsumma da ruwan toka. Sannan ya bi sarƙa gaɓa-gaɓa da gashin kaza yana ɗiga mata baƙin mai, yana juya feda a hankali har man ya shiga ko'ina, ya goge wanda ya yi yawa don kada ƙasa ta manne. Ya bi wayoyin ƙafa yana ɗan fincikarsu da yatsa, kunnensa a kusa, wadda ta yi sako-sako ta amsa da wata murya daban, ya ɗaure ta. Ya ɗiga yawu a bakin bawul ya zuba ido, in ya ga kumfa ya san iska na satar hanya. In kuwa ƙaya ce ta yi aikinta, sai ya zaro robar cikin taya, ya ba ta iska da famfo, ya bi da ita cikin kwaryar ruwa har inda ta fara tsartuwa. Ya kankare wurin da bakin wuƙa, ya shafa sholisho mai danƙo, ya hura, ya jira ya sha iska, ya manna faci, sannan ya aika ciki a ara masa turmin Inna Larai ya danne. Robar birki ma bai taɓa saye ba, daga tsohuwar tayar mota yake yankowa, ya sassaƙa ta daidai kamar mai fere ƙwarya.

Babu noti ɗaya a jikin marigayin da bai san sifanar Malam ba. Sai fedar hagu. Nan kam hannunsa kan zo, ya yi kamar zai taɓa, ya wuce.

An yi ta fassara wannan al'amari a majalisar gindin tsamiya. Wasu suka ce rowa ce, wasu suka ce laya ce aka binne a cikin fedar, wasu suka ce kunnen Malam ne ya mutu tuntuni shi ya sa abin bai dame shi ba. Masu faci na kasuwar Ƙanƙara kuwa har roƙonsa suke, su ce, “Baba, kawo mu kashe maka kukan nan kyauta, ko don kunnuwanmu.” Shi dai amsarsa ɗaya ce: “Ku bar shi. Ba ciwo ba ne, magana ce.” Gaskiyar lamari, a shekarun farko kasala ce zalla, yau ya ce gobe, gobe ya ce bayan kaka. Dalilin kirki daga baya ya zo.

Marigayin ya ga zamani iri-iri. Ya ga lokacin da babura suka cika gari, samari suka riƙa wuce shi suna watsa masa ƙura, suna cewa Baba ya kamata a kai tsohon nan hutu. Ya yi haƙuri. Sannan ya ga lokacin da ƙarar babur ta daina zama abin alfahari a ƙasar nan, lokacin da mutanen daji suka sa in an ji gurnanin inji daga yamma uwa takan suri ɗanta, mai noma ya yar da fartanya ya shige cikin dawa. Ba sai an tsawaita ba, duk wanda wannan sanarwa za ta kai gare shi ya san abin da ake nufi, wasu ma a jikinsu suka sani. A waɗannan shekaru muryar da ake toshe wa kunne ta zama abin so. In an ji ƙiii… kwas! daga hanyar gonaki, mai shayi kan ce, “To, Malam ya biyo ta lafiya,” sai a ci gaba da hira.

A cikin wannan hali ne ganin Inna Larai ya yi ta raguwa. An je asibiti, an dawo, an sake komawa, aka ce sai haƙuri. Cikin gidanta dai ba ta bukatar jagora, ta san inda kowane murfi yake, tana tuƙa tuwo ba gudaji. Amma hanya ba ta ganinta, kuma gonar Malam tana can yamma, wajen da ba a son ambata. Shafa'atu ta yi aure tana Ƙanƙara, sauran yaran kowa ya kama gabansa. Ga abin da ya rage mata: in la'asar ta yi sanyi, takan ɗora ruwa a murhu, ta jawo kujera kusa da katangar da ke fuskantar tsamiya, ta zauna, hannu a cinya. Ba ta yin talge, ba ta kaɗa miya, ba ta amsa hirar maƙwabta sai sama-sama. Da zarar ta ji ƙiii… kwas! sai ta saki numfashi, ta miƙe, ta zuba ruwa a buta ta ajiye a bakin zaure, ta koma kan tukunya. Shi kuma Malam ya jingine marigayin a gindin tsamiya ya yi hirarsa har kusan magariba, hankali kwance, don ya san saƙo ya isa. In ya shigo ya yi sallama, sai ta ce, “A'a, Malam, har ka dawo?” kamar yanzu ta sani. Shi ma ya ce, “Na dawo,” kamar bai san ta sani ba.

Haka suka yi shekaru, babu wanda ya taɓa ɗaga maganar a cikinsu. Malam yana son matarsa. An faɗa a nan ne don shi ba zai faɗa ba ko za a yanka shi, kuma in kun haɗu da shi kada ku nuna kun karanta wannan layin.

Yanzu sai bayanin ajali, kuma a nan ake roƙon mai karatu ya yi adalci. Mas'udu, mijin Shafa'atu, yaron kirki ne, babu mai musun wannan. Gyaran injin niƙa yake yi a Ƙanƙara, hannunsa na da albarka, kuma bai taɓa shiga gidan surukansa da takalmi ba. A ranar Lahadin ya kawo matarsa ganin gida, ya tarar Malam ya bi motar kasuwa zuwa Tafoki gaisuwar rasuwa. Yana zaune a zaure shi kaɗai, kamar yadda suruki ke zama, ba shiga ciki ba fita waje, sai idonsa ya faɗa kan marigayin. Ya ɗan juya fedar da hannu. Ƙiii, in ji marigayin, yana gaishe shi. Kunya ta kama Mas'udu har cikin ƙashi. A ce shi, mai jakar sifanu, wanda ake kira har Sabuwa ya tada inji, surukinsa na yawo da wannan abu a gari? Me mutane ke faɗa a kansa a bayan ido?

Ya naɗe hannun riga. Wayyo, ina ma ranar ya manta jakar a gida!

Bai yi ha'inci ba, wannan shi ne abin takaicin. Ya warware marigayin gaɓa-gaɓa a kan buhu. Ya wanke kowane ƙarfe da kananzir. Ya zubar da tsofaffin boris da suka cinye, ya jera sababbi cikin giris mai kauri. Ya buga murfin sarƙa ya miƙe tas. Ya saita ƙafafun har suna juyawa ba rawa. Da ya zo kan fedar hagu ta yi masa gardama, don ta yi shekara da shekaru ba a taɓa ta ba, sai ya sa ƙafa ya danne, ya ja sifana da ƙarfin ƙuruciya. Waɗanda ke wucewa ta ƙofar gida sun shaida cewa kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce ƙiii mai tsawo, babu kwas a bayanta. Daga cikin gida Inna Larai ta tambayi ɗiyarta, “Mi ake yi a zaure?” Shafa'atu ta ce gyaran keken Baba ne. Tsohuwa ta sa albarka, ta ɗauka irin gyaran Juma'a ne, wanda ba ya taɓa murya.

Mas'udu ya hau babur ya je ya samo sabuwar feda ya ɗaura. Shafa'atu kuma, da yake 'yar gidan tsafta ce, ta share zaure, ta tattara tsofaffin ƙarafan har da fedar, ta ba wani mai sayen gwangwan da ke wucewa da buhunsa, ya ba ta robar wanke-wanke shuɗiya. Babu wanda ya san daga wane gari yake.

Da yamma Malam ya dawo. Mas'udu ya durƙusa, kai a ƙasa, ya ce, “Baba, na ɗan taɓa maka keken, a yi haƙuri da karambani.” Malam ya dubi abin da ke sheƙi a zaurensa. Ya fitar da shi, ya hau, ya taka. Keken ya tafi sumul kamar an zuba ruwa a gangare. Ya sake takawa, ya karkata kunne hagu. Shiru. Ya je har bakin masallaci ya dawo, babu abin da yake ji sai numfashinsa da kukan kaji.

To, ku da kuka san kunyar surukai, ku faɗa, me zai ce? Ya ce wa mijin ɗiyarsa ta fari, wanda ko cin abinci ba ya yi a gabansa, ka kashe mini abu? In yaron ya tambayi wane abu, ya ce masa me? Ya buɗe baki a gaban suruki ya ce uwar matarka ce ke saurarona kullum da la'asar? Haba! Malam ya sauka, ya kawar da kai gefe, ya ce, “Madalla. Allah ya yi albarka, Allah ya ba ka masu yi maka.” Mas'udu ya ɗauki matarsa ya koma Ƙanƙara ransa fari tas. Malam ya shiga ciki aka kawo tuwo, ya yi loma biyu ya ce ya ƙoshi a Tafoki.

Ya yi niyyar gaya wa Inna Larai. Ya buɗe baki ya fi a ƙirga, amma gaya mata daidai yake da cewa na san kina jira na, sai ya rufe. Ya ƙudura a ransa cewa gobe ba zai tsaya hira ba, gida zai wuce kai tsaye.

Washegari da la'asar, yana isowa gindin tsamiya daga gona masu yaba gyara suka yi masa caa. Wannan ya ce a ba shi ya ɗana, wancan ya murza birki, wani ya ce ai Malam ya yi dacen suruki. Aka ba shi wuri ya zauna. Kuma jiki da sabo, yana jingine keken sai zuciyarsa ta kwanta kamar kullum, ta ce masa ai ta ji. Bai san cewa tun azahar mata ke miƙa wa juna labari ta kan katanga ba, wai an ji babura ta yamma. Labarin ma ƙarya ne, amma wa zai gaya wa mai jira?

Rana ta yi ja kafin abin ya faɗo masa. Ya zabura, ya hau, ya iso ƙofar gida ba tare da ko kaza ta kauce ba. A nan ya gan ta. Inna Larai, wadda rabonta da fita ita kaɗai tun idonta na gani, tana waje ba takalmi, mayafi ya zame, tana bin katanga da tafin hannu ta nufi hanyar tsamiya. Yana tsaye dab da ita, har inuwarsa na taɓa ƙafarta, ita kuwa tana tambayar iska, “Jama'a, ba ku ji shi ba? Don Allah ba wanda ya ji shi?” Malam ya ce, “Salamu alaikum.” Ta zube a wurin ta zauna, ta riƙe bakin rigarsa da hannu biyu. A ranar wuta ta mutu a murhu, ruwan ya ƙone a tukunya, da fura aka kwana. A ranar ne kuma Malam ya tabbatar cewa rasuwa aka yi a gidansa.

Ba a bar marigayin ya tafi ba tare da an nema masa magani ba. Juma'ar da ta biyo, Malam ya kifa shi a gindin darbejiya, ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da yake: ya zauna yana ɓata keke da gangan. Ya kwashe giris ɗin sabuwar fedar ya ɗura mata yashi, ta ce gurrr. Ya sassauta noti, ta ce kaf-kaf. Ya sa dutse ya lotsa murfin sarƙa, aka samu wani abu mai kama da kwas, amma siriri, mara kunya, irin na keken yara. Ya ɗaura gwangwanin madara a jikin wayoyin ƙafa, karnukan unguwa suka bi shi har masallaci. Duk dabarar da ya gwada sai ya bi ta bayan katanga a kan keken a hankali, kamar mai wucewa kawai. Daga ciki kuma sai a ji Inna Larai tana gaya wa awakinta, ba shi ba, awakin, “Wanga ba shi ba ne.” Ya sayo ƙararrawa. Ta gaya wa awakin cewa kowane yaro a garin nan yana da ƙararrawa. Ya je kasuwar Ƙanƙara ya tona tarin tsofaffin ƙarafa har hannunsa ya yi baƙi, ya samu fedoji na hagu iri-iri, amma babu wadda ta daki kututturen nan a ranar nan.

Marigayin ya bar ubangidansa, Malam Abdulƙarim, wanda yanzu ke hawan keke mafi lafiya a gundumar yana ɓata fuska. Ya bar Inna Larai da kujerarta a jikin katanga. Ya bar sa'arsa Shafa'atu, wadda aka haifa rana ɗaya da muryarsa, ita ce kuma ta sallama gawarsa ba ta sani ba. Ya bar famfo, da gashin kaza, da ƙararrawa sabuwa da babu mai so. Ya bar majalisar gindin tsamiya, da yanzu sai sun riƙa waiwaye kafin su yi gulma. Abin da ya bari na gado robar wanke-wanke ce shuɗiya, kuma an ce tana da ƙwari.

Ya kuma bar magaji, ko da yake ba a yi niyyar sanar da wannan ba, sai don rabin gari sun riga sun gani. Shekaranjiya da la'asar, Malam ya taho daga gona. Da ya kawo kwanar tsamiya sai aka ga ya rage gudu, ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya gyara hula. Sannan dattijon nan mai furfura, wanda ake kira sasanta rikicin gona, wanda ke tsayawa a sahun farko, ya ɗaga haɓa sama, ya matse maƙogwaro, ya ce da iyakar ƙarfinsa, “Ƙiii… kwas! Ƙiii… kwas!” yana daidaita shi da tashi da saukar ƙafarsa ta hagu. Mai shayi ya tsaya da buta a sama har shayin ya zube a ƙasa. Malam bai dubi kowa ba, ya jingine keken ya zauna, ya ce yau rana ta yi zafi, aka ce ƙwarai kuwa. Da ya shiga gida ya tarar da buta cike da ruwa a bakin zaure, ƙamshin daddawa na tashi. Ya yi sallama. Ta ce, “A'a, Malam, har ka dawo?” Ya ce, “Na dawo.”

Game da jana'iza, an tuntuɓi liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, balle ƙarfen da ba a ga gawarsa ba, kuma iyalan sun karɓi wannan fatawa. Don haka babu wanka, babu likkafani, babu zuwa maƙabarta. Za a yi zaman karɓar gaisuwa a gindin tsamiyar bakin garin Mabai ranar Alhamis bayan la'asar, mata kuma su shiga wajen Inna Larai. Na Pauwa da Tafoki su yi ƙoƙari su koma da sauran rana. Ba a bukatar hatsi ko goro. Ana roƙon duk mai zuwa, don girman Allah, kada labarin nan ya kai kunnen Mas'udu, in ya tambaya a ce masa keken na nan lafiya, wanda kuma gaskiya ne. Ana roƙo kada kowa ya sake yaba gyaran a gaban mai makoki. In kuma kuna zaune kuka ji magajin marigayin ya taho daga hanyar gonaki, kowa ya sunkuyar da kai ya dubi ƙasa, mai jin dariya ya tauna goronsa.

Inna Larai ma ta ba da nata saƙon, ta hannun awakinta kamar yadda ta saba, da ƙarfi yadda za a ji daga zaure. Ta ce ta ji Mai Sallama ya tashi, muryar tasa ta tsufa, tana ɗan shaƙewa wajen ƙiii ɗin, amma wanga kam shi ne. Ta ce a bar shi haka nan, kada wanda ya sa mishi mai.